Ni ma na ɗinke wanda ya cuce ni

Ƙanwata, da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya. Kin ce sojoji sun kawo ɗan bindiga da harsashi a cinya ranar dutinki, kuma irinsu ne suka kashe yayanki a hanyar Birnin Gwari. Ki taɓa shi ko ki nemi a canza ki?

Ni a rikicin Kaduna na Fabrairun 2000 abin ya same ni, ina aikin jinya a asibiti. Kwana biyu ban leƙa gida ba, majinyata har baranda. Aka shigo da wani saurayi da sara a kafaɗa, ina haska fuskarsa na gane shi. Ɗan layinmu ne, yaron da nake zuba wa shinkafar sallah da hannuna, kuma labari ya riga ya iso min cewa da shi aka cinna wa shagon maigidana wuta. Wallahi sau biyu allura na kuɓuce min. Shi ma ya gane ni, sai ya juya wa bango fuska. Ko "Mama" bai ce ba. Wannan ya fi shagon ci min rai har yau. Na wanke, na ɗinke, na shiga bayi na sha kuka.

Marigayi Baba ne ya faɗo min a rai. Aikin jinya ya yi a soja lokacin yaƙin Biyafara, 1967 zuwa 1970. Yakan ce yaran Ojukwu in an tuɓe musu kaki ƙashi ne zalla, kuma uwa suke kira kamar namu. Ɗaya da Baba ya yi jinyarsa ya dawo Kaduna bayan yaƙi yana sayar da kayan gyaran mota, duk Kirsimeti sai galan ɗin manja ya iso gidanmu.

Ke kuma, kada ki shiga wurin ɗan bindigar nan ke kaɗai. Ki ci abinci kafin duti, yunwa na ƙara fushi. Ummanki kuma kada ta ji tukuna. Sannan kada wani ya matsa miki da wa'azin yafiya, ɗinki daban, yafiya daban. Fasto James Wuye da ya rasa hannun dama a rikicin 1992, da bakinsa ya faɗa cewa ko bayan sun fara aikin sulhunta Kirista da Musulmi tare da tsohon abokin gabarsa Imam Ashafa ya daɗe yana jin kamar ya kashe shi.

Nawa yaron bai taɓa zuwa ba. Bara na hango shi a Kasuwar Barci da furfura a gemu, muna haɗa ido ya tsallaka titi.