Furannin bakin hanya: amsar tambayoyinku

Wata malamar firamare daga Tudun Wada ta ce: "Malam, yarana na kiran duk abin da ya fito a bayan aji fulawa. Daidai ne?"

Malama, ba daidai ba ne, ki hana su. Fulawa ta burodi ce. Abin da tsiro ke yi fure ne, jam'insa furanni. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yaro ya tashi a Zariya, duk tsiron da ba a shuka ba sunansa "ciyawa" a wurinsa. Kakanninmu ba su bar ko ɗaya babu suna ba, kuma sunan kan faɗi halin mai shi. Dubi tsidau, mai ɗan fure ruwan ɗorawa da ke shimfiɗe a ƙasa. Ana ce masa hana-taƙama, don wanda ya taka ƙayarsa ba takalmi, tafiyar ƙasaita ta ƙare. Nonon kurciya, ki karya reshensa ki ga farin ruwa ya ɗigo. Tumfafiya kuwa ko a kango tana nan da furenta fari mai ratsin shunayya. Tun 1916 wani Bature masanin tsirrai, Dalziel, ya tattara irin waɗannan sunaye a littafi, daga bakin manoma da masu magani ya ji su. Ki fita da yaran gefen rafin Kubanni da damina, ki nuna musu duman rafi yana yaɗo.

Wani ɗalibi daga Samaru: "Wuta-wuta da ƙuduji abu ɗaya ne?"

Ɗaya ne. Furensa ruwan hoda yana ƙawata gona wajen watan Satumba, alhali saiwarsa na manne da ta dawa tana tsotse ta, har ganyen ya yi kamar an babbake shi. Daga nan sunan wuta-wuta ya fito. Irinsa kan kwanta a ƙasa fiye da shekara 10, shi ya sa Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke unguwarku ta daɗe tana fitar da irin masara mai jure masa.

Daga Sabon Gari: "Me ake nufi da ya manne mini kamar ƙarangiya?"

Ka ratsa fili da kaka sanye da dogon wando, za ka gane.

"Tafasa da rai-ɗore fa?"

'Yan gida ɗaya ne, furensu duka ruwan ɗorawa. Ganyen tafasa mai zagayayyen baki ne, shi ake kwaɗo da shi. Na rai-ɗore mai tsini ne, ga wari in an murza.