Burodi guba ne? Amsoshin tambayoyinku

Yawancin saƙonnin da suka shigo wannan makon a kan burodi ne, don haka na haɗa su wuri guda. Masu tambaya a kan ciwon baya da ƙurajen yara su yi haƙuri sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.

Tambaya: Likita, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Kullum a teburin mai shayi nake karyawa, shayi da burodi. Yanzu an turo mini wata murya a waya ana cewa burodi guba ne mai kisan mummuƙe. Don Allah mene ne gaskiya?

Amsa: Alhaji, kwantar da hankalinka, burodi ba guba ba ne. Fulawa ce da ruwa da yis da gishiri, sai sukari da mai da gidajen burodinmu ke zubawa saboda bakinmu ya saba da zaƙi. Amma kuma ba zan ce maka cikakken abinci ne ba.

Ƙwayar alkama tana da dusa a waje, da ɗan idon da ke tsirowa, da farin gari a tsakiya. Injin fulawa yakan cire dusar da idon, ya bar farin garin, wanda yawancinsa sitaci ne. Tun 2002 doka ta tilasta wa kamfanonin fulawa a Najeriya su riƙa ƙara bitamin A, ana kuma ƙara sinadarin ƙarfe da wasu bitamin B, kuma wannan abin a yaba ne. Abin da ba a mayarwa shi ne harzar da ke cikin dusa. A giram 100 na farin burodi, wato yanka uku zuwa huɗu, akwai sitaci kusan giram 50, harza kuwa ba ta wuce giram 2 zuwa 3 ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu aƙalla giram 25 a rana. Rashin harzar nan ne ya sa burodi ke narkewa nan da nan, sukari ya hau cikin jini da sauri ya kuma sauka da sauri. Shi ya sa kafin ƙarfe sha ɗaya yunwa ta dawo maka kamar ba ka ci komai ba.

Gobe da safe ka tsaya ka kalli hannun mai shayinka. Zai tsoma cokali a robar sukari sau uku ko huɗu, kowanne a tule. Ya huda gwangwanin madara ya tsiyaya. Ya ɗebo Milo, wanda shi ma da nasa sukarin. Sannan ya ɗaga kofi sama yana sheƙawa har ya yi kumfa, ya tsaga burodin ya shafe cikinsa da bota. Iyakar sukarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce a yini kusan giram 50 ne, cokalin shayi goma sha biyu a shafe. Haɗin kauri ɗaya zai iya cinye maka fiye da rabin wannan tun ba ka buɗe shago ba. Burodi ke shan zagi, kofin shayin ya tsira.

Ka rage burodin zuwa rabin abin da ka saba, ka ce a sa maka sukari cokali ɗaya, ka haɗa da wainar ƙwai ko ƙosai ko dafaffen wake. Waɗannan suna riƙe ciki, suna kuma rage gudun da sukari ke yi zuwa cikin jini.

Tambaya: Ina da ciwon suga. An ce in bar farin burodi in koma mai launin ƙasa, na alkama. Na koma, har da tuwon alkama nake ci da dare, amma sugana bai sauka ba. Ina matsalar take? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, wannan tambaya taki ta mutane da yawa ce. Ba duk burodi mai launin ƙasa ba ne na cikakkiyar alkama. Wani farin burodi ne aka rina shi da ƙonannen sukari, ko aka barbaɗa masa 'yar dusa. Na gaskiya yana da nauyi a hannu, ba ya lotsewa kamar soso idan kin matsa, za ki ga ɓarɓashin dusa a cikinsa, kuma idan akwai rubutu a leda, garin cikakkiyar alkama ne zai zo farko a jerin kayan haɗi.

Ko da kin samu na gaskiyar, ki sani alkama ba magani ba ce. Hatsi ce mai sitaci kamar gero da dawa da masara, kuma idan aka niƙe ta luƙui tana ɗaga sukari kusan yadda farar fulawa ke yi. Ban san wanda ya fara yaɗa cewa tuwon alkama abincin masu suga ne ba, amma ya ɗora wa mutane kashe kuɗi a banza. Mutum ya bar tuwon dawar gidansu, ya sayo garin alkama da tsada, sannan ya ci malmala uku saboda an ce masa ba ya cutarwa. Malmala ɗaya ta tuwon dawa da miyar ganye mai yawa ta fi masa wannan nesa ba kusa ba.

Tunda jiki ya bambanta, ki bar na'urar gwajin suga ta raba gardama. Ki gwada kafin ki ci, ki sake gwadawa bayan awa biyu da fara cin. Abin da aka fi so ga yawancin masu wannan ciwo shi ne kada ya kai 180 a na'ura mai manyan lambobi, ko 10 a mai ƙananan lambobi. Ki yi haka da burodi yanka biyu da ƙwai, wata rana da alale, wata rana da tuwo, ki rubuta a littafi ki kai wa likitanki. Amma kada ki daina shan magani, kuma idan kina allurar insulin ko ƙwayoyin da ke sauke suga da ƙarfi, kada ki tsallake cin abinci da sunan rage sitaci. Faɗuwar suga ta fi hawansa saurin kayar da mutum.

Tambaya: Da gaske ne ana sa wa burodi wani sinadari mai kawo ciwon daji? Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Amsa: Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sunansa fotasiyam buromet, ana sa shi don ƙullu ya tashi sosai, burodi ya yi girma da fulawa kaɗan. An ga yana jawo ciwon daji a ƙodar ɓerayen gwaji, kuma a 1999 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ka iya jawo cutar ga ɗan Adam. Birtaniya ta hana shi tun 1990, NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ma ta haramta shi a zamanin marigayiya Farfesa Dora Akunyili. Haramcin bai hana wasu gidajen burodi sa shi a ɓoye ba. Ba a gane shi da ido ko da harshe, sai a ɗakin gwaji, don haka abin da ke hannunka shi ne ka sayi burodin da ke da sunan gidan da ya yi shi da adireshi da lambar NAFDAC a leda.

Tambaya: Idan gefen burodi ya yi funfuna, zan iya yanke wurin in ba yara sauran?

Amsa: A'a. Burodi abu ne mai laushi da ramuka, saiwar funfuna kan shige ciki inda ido ba ya gani. A zubar. A riƙa sayen daidai wanda za a cinye cikin kwana biyu, musamman da damina.

Tambaya: Duk ranar da na ci burodi sai cikina ya kumbura. Na karanta a intanet cewa gulutin ne. In daina?

Amsa: Akwai ciwon da gulutin, wato sinadarin da ke sa ƙullun alkama danƙo, ke lalata hanjin mai shi. Yana samun kamar mutum ɗaya cikin ɗari a duniya, kuma yakan zo da gudawa mai daɗewa da rama da ƙarancin jini. Idan kana da waɗannan, ka je a yi maka gwaji tun kafin ka bar alkama, domin barin ta yana ɓoye sakamakon. Idan kumburi ne kawai, ka fara zargin madarar da ke cikin shayin, don manya da yawa ba sa narkar da ita yadda ya kamata. Ka ci burodin ba madara na mako ɗaya ka gani.

Tambaya: Likita, mahaifina yana da suga da hawan jini. Kullum sai ya ci burodi guda da shayi mai zaƙi. Da na yi magana sai ya hau faɗa, ya ce abin da ya shekara arba'in yana ci bai kashe shi ba, wanda bai ci burodi ba ma mutuwa zai yi. Me ya sa mutane ba sa son a taɓa abincinsu? Yaya zan yi da shi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya saka miki da alheri da kula da Baba. Ki fara da yi masa uzuri, domin fushinsa yana da dalili.

Ke maganar burodi kike yi, shi kuma abin da kunnensa ke ji shi ne 'yar da ya haifa tana nuna masa bai san abin da yake yi ba, watakila ma a gaban surukai da jikoki. Ga dattijon da ya ciyar da gida shekara da shekaru, a tsaya masa a kan tire ana ƙirga lomarsa ba ƙaramin abu ba ne. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. Wani Ba'amurke, Jack Brehm, ya yi bayaninsa tun 1966: idan mutum ya ji ana ƙwace masa zaɓi, abin da aka hana shi ƙara masa daɗi yake yi, sai ya riƙe shi ƙam don ya nuna har yanzu shi ke da iko da kansa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, haka ne, amma sai an iya faɗarsa.

Sannan ciwon nasa ba mai ihu ba ne. Da burodin yana sa shi amai nan take, da ya bari ba tare da kowa ya ce masa komai ba. Suga da hawan jini kuwa a ɓoye suke cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, daɗin shayin kuma yanzu-yanzu ne. Akwai kuma aljihu: burodi ba ya neman gawayi ko gas, ba ya jiran mai girki. Kuma masana ma sun ba mutane ƙofar shakka. An shekara da shekaru ana tsoratar da jama'a da ƙwai saboda kwalastarol, wani nau'in kitse da ke cikin jini, sai a 2015 Amurka ta cire iyakar da ta sa a kansa daga jagororin abincinta. Wanda ya ga irin wannan, ba mamaki ya ce kullum da sabuwar da likitoci ke zo da ita.

Don haka ki bar kalmar "daina". Ki same shi shi kaɗai, ba lokacin cin abinci ba, ki tambaye shi me likita ya ce, me kuma shi yake ganin zai iya. Canjin ya fara daga kicin, ba daga baki ba: burodin ya zo a yanke, yanka biyu ko uku, da ƙwai ko alale a gefe, sukarin shayi a riƙa rage shi rabin cokali duk mako har harshe ya saba. Kowa a gidan ya ci irin wannan, kada a ware masa kwanon marar lafiya. Gishirin burodi ma abin lura ne ga mai hawan jini, wajen giram ɗaya a kowane giram 100, alhali iyakar yini giram 5 ce, amma dunƙulen miya ya fi shi ɓarna, kuma wannan a hannunku yake.

Ki miƙa masa na'urar gwaji ya duba da kansa awa biyu bayan shayin, ki yi shiru, lambar ta yi magana. Idan akwai amininsa ko limamin unguwa da yake jin maganarsa, shi ya fi dacewa ya tuna masa hadisin da Tirmizi ya ruwaito na raba ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi. Ranar asibiti kuma ki raka shi, ki sanar da likita tun kafin ku shiga. Idan kuwa kika ga yana yawan fitsari da ƙishirwa, ko ganinsa na dusashewa, ko ya ji ciwo a ƙafa ya ƙi warkewa, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku tafi a ranar.