Tsohuwar Marsandi mai nawar tashi: aksil za a canza ko inji?

Tambaya: Malam, ina da Marsandi 240D ƙirar 1980 wadda na gada wurin mahaifina. A doguwar hanya ba ta da laifi, amma a cikin gari, idan danja ta ba da hannu a Anloga Junction, har motar haya cike da fasinja takan riga ni tashi. Wani makaniki a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya ce in canza aksil na baya, wani kuma ya ce in sauke injin baki ɗaya. Shin akwai manhajar da zan sa a waya ta nuna mini inda matsalar take? Daga mai karatu a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifi. Kada ka ɓata kuɗinka a kan 'yar na'urar nan ta OBD, mai karanta matsalar mota daga kwamfutar inji, da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, domin tsarin OBD-II bai zama wajibi ba sai a 1996 a Amurka, kuma motarka ba ta da kwamfutar inji balle ramin da za a soka na'urar. Famfon mai ne na ƙarfe zalla yake ciyar da injin, babu abin da zai yi magana da waya.

Abin da wayar za ta yi maka shi ne awo. Ka sauke manhajar auna gudu mai aiki da GPS, ka kafe wayar a jikin gilashi, ka sami hanya shimfiɗaɗɗiya wadda babu jama'a, ka auna daƙiƙoƙin da motar take ɗauka daga tsaye zuwa kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar gudu a cikin gari a Gana. GPS na yawancin wayoyi sau ɗaya yake sabunta bayani a kowace daƙiƙa, don haka awo ɗaya ba abin dogaro ba ne. Ka yi sau uku zuwa, sau uku dawowa, da kaya iri ɗaya a motar, ka ɗauki matsakaici ka rubuta.

Da wannan lamba a hannu, sai ka fara da abin da ya fi araha. Injin OM616 da ke cikin motarka ƙarfin doki 72 yake bayarwa ranar da ya fito daga masana'anta, yana jan jiki mai nauyin kusan kilo 1,400, saboda haka tun asali ba motar tsere ba ce. Bayan shekara arba'in da wani abu, da wuya a ce dawakan nan duka suna nan. A saita bawul, a duba nozul, a canza matatun mai guda biyu da matatar iska, sannan wani ya taka totur har ƙasa, injin a kashe, kai kuma ka leƙa ka ga ko sandunan da suka tashi daga feda suna tura hannun famfon har ƙarshensa. Na sha ganin motar da robobin waɗannan sanduna suka cinye, direba yana takawa har ƙasa amma kashi uku cikin huɗu ne yake isa famfo. Ka sake awo bayan wannan gyara kafin ka saurari maganar sauke wani abu.

Batun aksil kuwa lissafi ne. Na 240D yana da rabon 3.69, ma'ana farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksil, takan juya sau 3.69 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Na 200D yana da 3.92, kuma ina kyautata zaton shi makaniki na farko yake nufi. Idan ka raba 3.92 da 3.69 a kalkuletar wayarka za ka ga ƙarin kusan kashi 6 cikin ɗari ne kawai: ƙarfin da ke isa taya zai ƙaru da wannan gwargwado a kowace giya, za ka ji shi a hawan tudu da tashi daga danja, amma ba zai mayar da motar wata aba dabam ba. Kuma da farashinsa. A giya ta huɗu, kana kilomita 100 a awa, injin da yake juyi wajen 3,150 a minti zai koma wajen 3,350, ga ƙara, ga ƙarin shan mai duk ranar da ka kama hanyar Accra. Kafin ka biya, ka tabbatar da abin da ake sayar maka: a ɗaga taya ɗaya ta baya a kan matokari mai ƙarfi, giya a sake, a yi wa farfela da tayar alama da alli, a juya tayar sau biyu cif, a ƙirga juyin farfela. Abin da ka ƙirga shi ne rabon aksil ɗin.

Idan da gaske ƙarfi kake nema, to shawarar makaniki na biyu ta fi kusa da gaskiya, sai dai a zaɓi inji da hankali. A ganina wanda ya dace shi ne OM617 na 300D, mai silinda biyar, lita 3, doki 88 a ƙirar baya-bayan, domin 'yan gida ɗaya ne da naka kuma an sa shi a irin wannan jiki tun daga masana'anta. Dabarar ita ce ka bar aksil ɗinka na 3.69 maimakon 3.46 da 300D take zuwa da shi, ka ci riba biyu. Injin ya fi naka tsawo, don haka sai an sami farfela da sandunan giya da suka dace da shi, a kuma duba lagireto da birki. Lambar inji tana cikin takardun mota, saboda haka ka je ofishin DVLA, hukumar rajistar motoci ta Gana, a gyara ta, ka kuma sanar da kamfanin inshora.

Tambaya: Idan na canza aksil, agogon gudu zai ci gaba da faɗin gaskiya?

Amsa: A'a. Daga giyabos yake karɓar juyi, don haka da aksil na 3.92 zai riƙa nuna fiye da gudun da kake yi da kusan kashi 6 cikin ɗari, ma'aunin kilomita ma haka. Ka riƙe gudu ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya, wanda ke zaune a gefenka ya kwatanta allurar da lambar GPS, domin a gudun da ba ya hawa ba ya sauka wayar ta fi agogon daidaito. Maganin dindindin shi ne a cire agogon motar da aka ciro aksil ɗin daga jikinta a haɗa maka da shi.