Kuɗin da ƙaramar hukuma ke ba mai jinya a Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Manchesta, shekara uku ke nan ina jinyar surukata da ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ni ke mata wanka, ni ke ba ta abinci, ni ke tashi da ita cikin dare. Wata maƙwabciya ta ce ƙaramar hukuma na ba masu jinya kuɗi a hannu. Gaskiya ne? Zan iya biyan ƙanwata da shi ta riƙa karɓa ta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai wannan kuɗi ba albashin jinya ba ne. Dokar kula da mutane ta 2014, wadda ta fara aiki a Ingila a Afrilun 2015, ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta zauna da duk mai jinyar wani ba da biya ba, ta tantance halin da jinyar ta jefa shi. Kyauta ake yi, kuma ba sai kina gida ɗaya da majinyaciyar ba. Idan aka ga kin cancanta, sai a ware miki kaso. Kina iya barin su shirya miki taimakon, ko ki ce a zuba miki kuɗin ki shirya da kanki. Wannan na biyun su ke kira direct payment, da wannan sunan za ki tambaya in kin buga wa sashen kula da manya waya.

A wajen tantancewar nan mutanenmu ke yin asara. Jami'ar hukuma za ta zo, ta zauna a falo da takardunta, ta ce yaya kike fama. Ke kuma ga Hajiya a kujera tana jin ku, ga kunyar suruka, sai ki ce lafiya lau, alhamdulillahi. Abin da kika faɗa shi za a rubuta. Alhali abin da doka ke nema shi ne a ga jinyar na taɓa lafiyarki, ko tana hana ki wasu abubuwa da aka lissafa, kamar kula da 'ya'yanki, gyaran gida, cin abinci mai kyau, zumunci, aiki ko karatu. Don haka ki nemi a gan ki ke kaɗai. Kafin ranar, ki yi mako guda kina rubutawa: sau nawa kika tashi da dare, yaushe bayanki ya riƙe wajen ɗaga ta, bikin wa kika kasa zuwa. Faɗin gajiya ba butulci ba ne, kuma ba ya rage ladan jinya.

Kuɗin na bukatarki ne ke. Mutane kan biya mai share gida, kuɗin tasi, koyon tuƙi, wurin motsa jiki, ko su sayi kwamfuta don karatu. Yawansa ya danganta da ƙaramar hukumar da abin da aka rubuta a tsarin taimakonki. Wasu dunƙule suke bayarwa sau ɗaya, wasu wata-wata. Yawanci a kan kati na musamman yake shigowa ko asusun banki na daban. Ki adana kowane rasit, don za a duba, kuma in an kashe a abin da ba a yarda da shi ba za a ce ki mayar.

Maganar ƙanwarki kuwa tana da sarƙaƙiya. Wanda zai zauna da Hajiya ya yi mata wanka don ki huta, hidimar Hajiya yake yi a idon doka. Ita za a tantance, a duba dukiyarta, kuɗin ya fito daga nata kason. A Ingila, mai ajiyar da ta haura fam 23,250 shi ke biyan nasa. Sannan idan ƙanwar taki gidanku ɗaya, ba a yarda a biya ɗan uwa na kusa da ke zaune a gidan ba, sai in hukuma ta ga babu makawa. Idan gidanta daban, yana yiwuwa, amma duk wanda kuɗin ke hannunsa ya zama mai ɗaukar ma'aikaci: haraji, inshora, mafi ƙarancin albashi, hutun shekara, duk suna wuyansa. Zumunci ba ya ɗauke ko ɗaya.

Kada ki haɗa wannan da Carer's Allowance, alawus ɗin gwamnatin tsakiya ga mai jinyar awa 35 a mako, wanda ya kai fam 83.30 a mako a Afrilun 2025. Kuɗin ƙaramar hukuma ba ya rage shi, don ba a ƙidaya shi a matsayin kuɗin shiga. Amma ki duba bizarki: in an rubuta ba ki da damar cin kuɗin jama'a, alawus ɗin na cikin abin da aka hana ki, taimakon ƙaramar hukuma kuwa ba ya cikin wannan jerin.

In sun ce ba ki cancanta ba, ki nemi dalilin a rubuce, ki shigar da koke a wurinsu. In ba ki gamsu ba, akwai ofishin sauraron koke-koke kan ƙananan hukumomi, shi ma kyauta ne.