An mayar da ni Abuja da aiki: in fara leƙawa kafin in kwashe iyali?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Gombe, ina zaune a Pantami da maiɗakina da yara uku, biyu suna firamare. An yi mini canjin wurin aiki zuwa hedikwatarmu da ke Sakatariyar Tarayya a Abuja, zan kama aiki nan da wata biyu. Ban taɓa zama a Abuja ba. Wani abokina da ke Gwarinpa ya ce in zo ranar Juma'a in sauka a gidansa, ya zaga da ni gari, in juyo Lahadi. Abin hannuna ba yawa. Tafiyar ta cancanci kuɗin motar kuwa? In na je, me zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sa canjin nan ya zama alheri gare ka da iyalinka. Tafiyar ta cancanci kuɗinta, har da riba. Amma ranakun da abokinka ya zaɓa maka ba su ne ba, kuma a kan wannan nake so mu tsaya.

Abuja ta Asabar da Lahadi gari ne mai daɗin gani. Tituna fayau, daga Gwarinpa zuwa Babban Masallacin Ƙasa kafin ka gama gaisawa da mai tuƙi kun isa. Abokinka zai kai ka tafkin Jabi, ya nuna maka Dutsen Aso, ka ci gasasshen kifi, ka dawo Gombe kana cewa ai Abuja ba ta da wuya. Wannan Abujar baƙo ce. Wadda za ka zauna a cikinta sai ranar Litinin da ƙarfe shida na safe take nuna fuskarta. Saboda haka ka nemi izini a ofis, ka tashi Lahadi da sassafe, ko a Gombe Line ko a wata motar da ka amince da ita. Hanyar wuni guda ce: Alƙaleri, Bauchi, Jos, a sauka Hawan Kibo, Akwanga, Keffi. Ka yi Litinin, Talata da Laraba a can, ka juyo Alhamis. Daga Keffi kada ka yi barci. Masaka, Mararaba da Nyanya da motar za ta ratsa kafin ta shiga gari suna cikin unguwannin da za a fi yi maka tallarsu.

A harkar gidajen haya da nake yi, abin da ya fi karya mutanenmu na Gombe da Bauchi shi ne lissafin nisa. A Gombe mutum yana fita daga Pantami ya hau acaɓa ko Keke Napep, cikin ɗan lokaci yana Jekadafari, har ya dawo gida cin abincin rana. Da wannan ma'aunin yake zuwa Abuja. Ita kuwa Abuja, tsakiyarta, wato Maitama, Asokoro, Wuse da Garki, ta fi ƙarfin albashin yawancin ma'aikata. Jama'a a gefe suke kwana, su kwararo da safe ta manyan hanyoyi uku. Akwai hanyar Keffi, mai ɗauke da Nyanya, Karu, Mararaba da Masaka. Waɗannan biyun na ƙarshe ma a Jihar Nasarawa suke. Akwai hanyar Kubwa, wadda ta bi ta Gwarinpa, Dutse, Kubwa, Dei-Dei, Zuba har Suleja ta Jihar Neja. Sai hanyar filin jirgi, inda Lugbe take, da Kuje da Gwagwalada can gaba. Duk gidan da za ka iya biya, kusan a kan ɗaya daga cikinsu yake.

To ga aikin kwana ukunka. Kowace safiya ka ɗauki hanya guda, ka bi ta kamar ranar aiki. Ka roƙi abokinka ya bar motarsa a gida, ko ya bar ka ka fita kai kaɗai. Ka je bakin titi a unguwar da kake tunani, ka tsaya inda ma'aikata suke tsayawa, ka shiga motar da suke shiga, ka duba agogo lokacin tashi da lokacin da ƙafarka ta taka ƙofar Sakatariya. Da yamma ka sake yin haka a komawa, don komawar ta fi ciwo. Wanda ya taɓa tsayawa a shataletalen AYA da ƙarfe biyar da rabi ya san abin da nake nufi: mutane cunkus a bakin hanya, jakar aiki a hammata, mota na rage gudu a yi kanta a guje, mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, sannan a gangara Kugbo a tarar da jan fitilun motoci sun yi layi har Nyanya. Magariba a hanya take samun mutane da yawa. Ba don in tsorata ka na faɗa ba. Dubban bayin Allah suna yin wannan zirga-zirgar suna rufa wa kansu asiri. So nake ka ɗanɗana da jikinka kafin ka sa hannu a takardar shekara guda.

Kuɗin motar ma ka rubuta shi, zuwa da dawowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Ka ninka na rana sau 22, ka ninka sau 12, ka ɗora a kan kuɗin hayar gidan. Sau da yawa gidan Masaka da ya yi araha a baki, in an yi wannan lissafin sai ya kamo na Kubwa ko Lugbe, ga gajiya a kai. Ka kuma sani an hana acaɓa a tsakiyar birnin tun 2006, don haka ba maganar in ka makara ka tsayar da mai babur. Sannan ka kiyayi motar da ta tsaya maka kai kaɗai a inda ba tasha ba, musamman da duhu. 'Yan "wan cans" masu fashi da motar haya da ake ta magana a kansu gaskiya ne, fasinjojin da ke ciki nasu ne.

Ranar farko da ka isa ofis, ka shiga ka gaisa, ko da lokacin kama aikinka bai yi ba. Bayan shugaban sashe, ka nemi masinja, direba da ma'aikatan da matakin albashinsu ya yi daidai da naka, ka tambaye su inda suke zaune da yadda suke zuwa. Su ne za su gaya maka ko ma'aikatarku tana da motar ma'aikata da kuma hanyar da take bi, kuma wannan kaɗai yana iya zaɓa maka unguwa. Ka leƙa sashen mulki ka tambayi yadda ake neman alawus ɗin kwana 28 na farko da dokar aikin gwamnati ta tanadar wa wanda aka canza wa gari. Ka nema, haƙƙinka ne, amma kada ka ɗora biyan haya a kan ranar fitowarsa.

Gidaje kuwa, da rana tsaka za ka duba su, tsakanin fitar safe da komawar yamma. A Abuja shekara guda ake biya a dunƙule, wani maigidan ma biyu zai nema. A kan wannan akwai la'adar dillali, galibi kashi 10 cikin 100, da kuɗin lauya, da kuɗin ajiya saboda ɓarna, in kuma rukunin gidaje ne mai maigadi akwai kuɗin hidima na shekara. Kada ka tambayi "nawa ne haya?" Ka ce, "Nawa zan bayar gaba ɗaya a miƙa mini mabuɗi?" In ka shiga gidan, ka murɗa famfo da hannunka. Ruwan dam ɗin Usuma ba ya kai wa unguwannin gefe da yawa, a can sai rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa, don haka ka tsayar da mai kura ka ji kuɗin jarka. Ka duba mitar wuta: mai kati ce, ko ta haɗaka da maƙwabta? Akwai tsohon bashi a kanta? A wane rukuni kamfanin wutar lantarki na Abuja, wato AEDC, ya sa layin? Rukunin A ya fi samun wuta, amma a Afrilun 2024 an ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 kan kowane yunit. Ka sunkuya ka dubi gindin katanga ta waje. In ka ga layin laka ko fenti ya kumbura daidai gwiwa, ruwa yana shiga gidan da damina, ko me dillali ya rantse maka. Wasu sassan Lugbe da Lokogoma sun sha ambaliya. In kuma ka ga an shafa jan fenti a bangon gidan ko na maƙwabta, alamar rusau ce, ka wuce. Mai shagon da ke bakin layi zai gaya maka gaskiyar wuta, ruwa da ɓarayi fiye da kowa, in ka sayi ruwan leda ka zauna a bencinsa.

A wannan tafiyar ba na so ka biya kuɗin gida, sai fa in ka ga maigidan ko lauyansa ido da ido, wani da ka yarda da shi ya shaida, aka ba ka rasit da yarjejeniya a rubuce. Dillalin da ya ce "wani na zuwa da kuɗi gobe" gaggawa yake sayar maka. Ka ɗauki hoto, ka karɓi lamba, ka dawo Gombe ku zauna da maiɗakinka. Ita za ta wuni a unguwar, don haka ka zo mata da amsar abin da za ta tambaya: ina kasuwa, ina asibiti, akwai Islamiyya kusa, su wane ne maƙwabta, nawa ne kuɗin makarantar yara a zango, kuma da ƙafa za su je ko sai an biya mota.

Shawarata ta ƙarshe tana da ɗan nauyi, amma ita nake ba ƙannena. Kada ka kwashe iyali ranar da za ka kama aiki. Ka fara zuwa kai kaɗai, ka raɓa da abokinka ko ka kama ɗaki guda na 'yan watanni, yara su ƙarasa shekarar karatunsu a Pantami. Sabuwar shekarar makaranta a watan Satumba take farawa, kafin nan ka ga albashinka na Abuja ya shiga ya fita sau biyu ko uku, ka san unguwar da aljihunka zai iya riƙewa. Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da maƙwabta nagari.