Tambaya da Amsa: Gina Jirgin Ƙasa da Tasharsa da Bulon Roba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni magidanci ne a Unguwar Rimi, Kaduna, kuma mahaifina ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya. Ɗana mai shekara 12 ya samu buhun 'yan bulullukan roba na LEGO daga wurin kawunsa, ya kuma ga yadda manya a ƙasashen waje suke gina jirgin ƙasa da tashoshi da su, har jirgin yana tafiya da kansa. Yanzu ya matsa mini mu gina namu. Ina da sha'awar abin, sai dai ban san ta inda ake farawa ba, kuma ina jin nauyin a ce babba kamata ya zauna yana wasan yara.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Zan fara da nauyin da kake ji, domin shi ne ya fi sauƙin kawarwa. Kamfanin da ke yin wannan bulo wani kafinta ne mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa shi a garin Billund na ƙasar Denmak a 1932, kuma tun 1958 aka yi rajistar irin bulon da muka sani, mai ƙwayoyi a sama da rami a ƙasa, wanda ke kama ɗan'uwansa gam. Jirgin ƙasa mai aiki da batir ya fito a 1966. Waɗanda suka yi wasa da shi suna yara yanzu kakanni ne, da yawansu kuma ba su ajiye ba, su ne ma suke gina manyan tashoshin da ɗanka ya gani. Aikin yana buƙatar awo da lissafi da haƙuri, kuma ɗan ma'aikacin reluwe da ya zauna da ɗansa yana nuna masa yadda ake haɗa tarago da kan jirgi, tarihin gidansu yake miƙa masa.

Kafin ka sayi komai, ka fahimci awon, domin a kansa komai ya rataya. Daga tsakiyar ƙwaya ɗaya zuwa tsakiyar ta kusa da ita milimita 8 ne. Tsayin bulo milimita 9.6 ne, kuma falle uku na siraran bulo su ne daidai da bulo ɗaya. Akwai wata dabara da duk mai gina jirgi yake riƙewa a ka: siraran bulo biyar idan aka jera su a kan juna suna ba da milimita 16, wato daidai faɗin ƙwaya biyu. Da wannan ne ake iya kwantar da bulo a gefensa ya shiga cikin gini ba tare da gibi ba, kuma ta haka ake fitar da tagogin tarago da hancin kan jirgi su yi sumul. Shi dogon da jirgin ke bi kuwa, tsakanin layinsa biyu kusan milimita 37.5 ne, miƙaƙƙen yanki ɗaya tsawon ƙwaya 16 ne, kuma yanki 16 na masu lanƙwasa ne suke rufe da'ira. Da'irar za ta ci maka sama da santimita 70 a faɗi, saboda haka ka auna teburin ko katakon da za ka shimfiɗa kafin ka yi wa yaro alkawari.

Yawancin jiragen da kamfanin ke sayarwa a kwali faɗinsu ƙwaya 6 ne. Masu ginawa da kansu sukan faɗaɗa zuwa 7 ko 8, domin a ƙwaya 6 jirgin yakan fito siriri idan aka gwada shi da na gaskiya. A nan ne shawarata ta gaskiya take, Alhaji: kada ku ɓata ƙarfinku wajen kwaikwayon jirgin Jamus ko na Amurka da kuka gani a hoto. Ku gina na Kaduna. Garin nan yana da abin da masu wannan sha'awa a wasu wurare za su yi marmarinsa, wato dogo iri biyu a gari ɗaya. Tsohon layin da ya isa Kano a 1911, wanda ya ratsa Zariya, faɗinsa milimita 1,067 ne, shi kuwa sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, mai tsawon kusan kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, faɗinsa milimita 1,435 ne. Idan tsohon jirgin kuke son ginawa, ku yi shi ƙwaya 8, domin a kan ƙaramin dogo jikin tarago yakan leƙo sosai ta kowane gefe, kuma wannan leƙowar ce take sa duk wanda ya taɓa shiga jirgin Legas zuwa Kano ya gane shi daga nesa. Tsohuwar tashar Kaduna kuma mahaɗa ce, a nan layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan yake haɗuwa da na Legas, don haka kuna da dalilin sa wurin canjin layi a cikin gininku.

Na shiga jirgin Kaduna zuwa Kano ina yaro, kuma abin da ya zauna mini a rai shi ne tsayawarsa a tasha. Kafin ƙafafun su gama ƙara, 'yan talla sun riga sun jeru a ƙarƙashin tagogi da faranti a ka, wannan da rake, wannan da ƙosai, ana miƙa kuɗi ta taga ana miƙo kaya, ga mai shayi a gindin darbejiya, ga 'yan dako suna kokawa da buhunan albasa. Wannan shi ne abin da ba za ka samu a cikin kwalin kowane kamfani ba, kuma shi ne zai sa tasharku ta zama taku. Ƙasar gefen dogo ku yi ta da ƙananan bulo masu launin ƙasa-ƙasa da ja-ja a gauraye, kada ta fito fes kamar siminti. Rufin tasha ku cakuɗa toka-toka da ruwan ƙasa domin ya ba da kamannin kwanon da ya sha damina. Idan bulon ya isa, ku sa gada da shuɗi ko koren ruwa a ƙarƙashinta a matsayin Kogin Kaduna. Ka ɗauki yaron ku je ku kalli jirgin da ido, ya ƙirga tagogi da ƙafafu, ya zana a littafi. Amma ka nemi izinin ma'aikata da jami'an tsaro kafin ka ɗaga waya don ɗaukar hoto.

Game da abin da zai sa jirgin tafiya, tsarin ya sauya sau da dama. Daga 1991 an yi dogo mai ƙarfe da ke ɗaukar wuta, an daina shi wajen 2007, saboda haka yana da wuyar samu da tsada. Na yanzu, wanda ya fito a 2018 da sunan Powered Up, dogonsa roba ne zalla, wutar tana cikin jirgin, ƙananan batir 6 yake ci, ana kuma sarrafa shi da rimot ko da waya. Ga wanda ke zaune inda wuta take zuwa tana tafiya, wannan ya fi dacewa, musamman idan ka sayi batir mai caji. Ban ba ka shawarar farawa da jirgi mai inji ba. Ku fara da tarago ɗaya da ake turawa da hannu, ku tabbatar yana shan kwana ba tare da ya sauka daga dogo ba, domin kwanar nan matsattsiya ce, kuma dogon tarago ba ya shanta sai an sa ƙafafunsa a kan abin da ke juyawa a ƙarƙashinsa. Akwai kuma manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna Studio, wadda za ku iya gina jirgin a cikinta tukuna, ta lissafa muku adadin kowane bulo da kuke buƙata kafin ku kashe ko sisi.

Tambaya: Malam, ni uwa ce a Tudun Wada. Na sayi irin wannan bulo a wurin 'yan gwanjo, ya yi datti, wasu fararen kuma sun koma rawaya. Yaya zan yi da su, kuma ta yaya ake gane na asali?

Amsa: Hajiya, ki duba saman ƙwayoyin, na asali akwai sunan kamfanin a rubuce ƙanana a kan kowace ƙwaya. Waɗanda ba na asali ba suna da amfani wajen cika ƙasa da bango, sai dai kada a sa su a ƙafafun jirgi ko mahaɗin tarago, domin wasunsu ba sa kamawa da kyau. Wajen wanki, ki zuba su a ruwa mai ɗan ɗumi wanda bai wuce digiri 40 ba, da sabulun wanke kwanuka kaɗan, ki goge da tsohon buroshin haƙori, ki shanya a inuwa. Rana ce take mayar da farin rawaya, zafi kuma yana lanƙwasa robar, don haka kada a bar su a bakin taga ko a cikin mota. Duk abin da ke da wayar lantarki ko batir kada ya taɓa ruwa, a kuma cire batir idan za a ajiye, domin yakan zubar da ruwa ya ci ƙarfen ciki. Lokacin hunturu ki rufe ginin da zane, tunda ƙura tana shiga ƙafafun ta hana su juyawa. Idan akwai yaro ɗan ƙasa da shekara 3 a gidan, ki ɗaga ƙananan zuwa inda hannunsa ba ya kaiwa, domin yana iya haɗiye su.