Hadiza, kwas ɗin kodin ba ya kawo biza

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso. Kin ce an turo maki talla a WhatsApp, wai kwas na wata uku a kan kodin, wato sanya wa cututtuka lambobi, daga nan sai Amurka, kuma kina tunanin ajiye aikinki na ɗakin kati a Kaduna ki zuba kuɗin adashinki a ciki. Don Allah kada ki ajiye. Aikin nan shi nake yi a Houston, a asibitin masu lalurar mafitsara, don haka bari in nuna maki cikinsa.

Likita ya duba mara lafiya ya rubuta abin da ya gani. Ni kuma in karanta, in mayar da rubutun lambobi iri biyu: ta cuta daga littafin ICD-10-CM, da ta aikin da aka yi daga littafin CPT. Kamfanin inshora ba ya sakin ko sisi sai biyun sun dace da juna.

Ɗauki wadda na fi gani kullum. Dattijuwa ta zo tana cewa fitsari na matsa ta kwatsam, tana zaryar banɗaki da rana, da dare ma ba ta samun barci. In likita ya rubuta ƙarara cewa mafitsararta ce ke matsewa fiye da kima, lambar N32.81 ce. In kuwa koke-koken kawai ya jera bai yanke hukunci ba, ba ni da ikon yanke masa. Sai in sa R35.0 ta yawan fitsari, R39.15 ta matsuwa, R35.1 ta tashin dare, ko in mayar masa da tambaya. In fitsarin na kuɓuce mata kafin ta kai banɗaki, N39.41 ta shigo, a haɗa ta da N32.81. Wanda ke zubowa lokacin tari ko atishawa daban ne, N39.3. In duka biyun ne, N39.46. Littafin Hukumar Lafiya ta Duniya da kuka karanta a makaranta ya tsaya ne a N32.8. Wannan 1 ɗin na ƙarshe na Amurka ne, wadda ta koma tsarin ranar 1 ga Oktoba 2015, kuma duk Oktoba sai an sabunta shi.

Inda gumin yake shi ne wajen kuɗi. In ƙwayoyi irin su oxybutynin ba su yi mata aiki ba, akan yi allurar Botox a cikin mafitsara. Lambar aikin 52287 ce, ta maganin J0585, kuma awo ɗaya-ɗaya ake ƙirga maganin, galibi awo 100. Ki yi kuskure ki rubuta 1 maimakon 100, asibiti ya tafka asara. Fayil ya kasa nuna cewa an fara gwada ƙwayoyi, inshora ta ƙi biya, a bar baiwar Allah da takardar bashi. Ki ƙara lambar da likita bai rubuta ba don kuɗi su fito, wannan zamba ce, kuma in kuɗin Medicare ne, wato inshorar lafiyar da gwamnatin Amurka ke yi wa tsofaffi, shari'ar gwamnatin tarayya ce.

Duk sanda na buɗe irin wannan fayil sai iyayenmu mata su faɗo mini a rai. Nawa ne ke fama da tsinkewar alwala, suna ƙin zuwa biki ko ta'aziyya, kunya ta hana su faɗa? A gida da an ce fitsari na zuba sai tunani ya tafi kan yoyon fitsari na bayan doguwar naƙuda, alhali wannan lalura ce daban, kuma tana da magani.

To, batun tafiya. Satifiket ɗin da aka fi nema shi ne CPC na AAPC, ƙungiyar masu aikin kodin a Amurka: tambaya 100, awa 4, sai kin ci kashi 70 cikin ɗari. Ko kin ci, CPC-A za a rubuta maki, alamar ɗan koyo, har sai kin nuna ƙwarewar aiki. Takarda ce mai daraja, amma ba izinin shiga ƙasa ba ce. Bizar H-1B, wadda ake ɗauko ma'aikata zuwa Amurka da ita, ta aikin da ke buƙatar digiri na musamman ce, kodin kuwa da wuya ya shiga wannan sahu. Ni ta hanyar takardun maigidana na zo, na yi shekara ina amsa waya a teburin karɓar baƙi kafin a bar ni in taɓa fayil. Asibitin da ke son sauƙin kuɗi ma ba ɗauko mutum yake yi ba, kamfanoni a Indiya da Filifin yake tura wa aikin.

Ki duba kusa da ke. Tun dokar NHIA (hukumar inshorar lafiya ta ƙasa) ta 2022 da ta wajabta inshorar lafiya, ga kuma KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiharmu, kowane asibiti na buƙatar wanda ya iya cike takardun neman biya ba tare da an dawo da su ba. Ki roƙi shugabanku ya riƙa barin ki zama a teburin inshora ko da kwana biyu a mako. Ki haddace sassan jiki da kalmomin likitanci, don su ne ke kayar da mutane a jarrabawa. In kin shekara a haka kuma ranki na nan a kai, sai mu zauna mu yi lissafin kuɗin CPC, ni zan saya maki littattafan.

Kafin nan ki turo mini hoton tallar da lambar asusun da suka ce a biya, in duba. Ki gaida Inna da su Abba.